Yadda za ka shirya wa gobe ba tare da ka ɗaure kanka ba

Duk wanda ya zauna a Kano cikin shekarun nan ya ga yadda lissafi ke rushewa cikin yini guda. A Janairun 2013 gwamnatin jiha ta hana acaɓa, matasa da dama suka wayi gari babu sana'a. A farkon 2023 sauya fasalin naira ya sa mai kuɗi a banki ya rasa na cefane, sannan ranar 29 ga Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Wanda ya ga waɗannan bai kamata ya daina shiri ba, sai dai ya bar wa shirin nasa ƙofar fita.

Da farko ka raba buri da hanya. Ɗan acaɓan da ya gane cewa burinsa ciyar da iyali ne, ba hawan babur ba, bai daɗe ba ya koma Adaidaita Sahu ko wata sana'ar. Haka ɗalibin Jami'ar Bayero da yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar wata takwas a 2022: wanda ya koyi ɗinki ko gyaran waya a wannan tsakani ya koma aji da abin hannunsa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

Inda na fi so a tsaya shi ne batun kuɗi, domin a nan mafi yawan shiri yake karyewa. Idan gini za ka yi, ka fitar da lissafi biyu, ɗaya a kan farashin siminti da rodi na yau, ɗaya kuma a kan farashin da ya ɗara haka sosai, sannan ka kasa aikin ta yadda ɗaki biyu da banɗaki za su kammalu a iya shiga tun kafin a taɓa saura. Kangon da ya kai linta kuɗi suka ƙare ba ya tare wa kowa ruwan sama. Ajiyarka ma kada ta zauna wuri ɗaya: wani abu a banki, kaɗan a hannu, wani kuma a buhun gero ko masara da ka saya a kasuwar Dawanau lokacin kaka, sa'ad da hatsi ke da sauƙi. Adashe yana da amfani, amma ka auna zubinsa da watan da kasuwa ta yi sanyi, ba da watan Sallah ba.

Ka tsayar da lokacin duba shirin, misali bayan kaka da kuma kafin azumi, ka zauna da iyalinka ko abokin cinikinka ku ga abin da ya sauya. Tun kafin ka fara, ka rubuta alamar da za ta sa ka juya, kamar a ce wata shida shago bai mayar da kuɗin hayarsa ba.

Abin da ya fi wuya shi ne kunyar mutane. Magidanci kan ci bashi don kawai an riga an sa ranar biki, alhali da ya je wa surukai da wuri da maganar ɗaga ranar ko rage akwatunan lefe, da yawansu za su karɓa. Saboda haka ka guji sanar da rana kafin kayan aiki su haɗu, kuma idan ka ɗauki alkawari ka haɗa da in sha Allahu, kamar yadda Suratul Kahfi ta umarta, tare da gaya wa ɗaya ɓangaren abin da zai iya jawo jinkiri.