Kurakuran da ke ɓata kala da banish a katakon fayin

Wanda ya haɗa tebur ko kanta da hannunsa daga katakon fayin (pine), yawanci ba a wajen yanka da buga ƙusa yake jin kunya ba. Ranar shafa kala, wato rinin da ke shiga jikin katako, asirinsa ke tonuwa: nan ya yi baƙi ƙirin, can ya yi fari fat, tebur ya fito dabbare-dabbare kamar fatar damisa. Sai a hau zagin mai sayar da kala, alhali halin itacen ne. Fayin yana da laushi, kuma jikinsa ba ɗaya ba ne. Sashen da ya yi saurin girma yana shan ruwa kamar soso, layukan da ke tsakani kuwa tauri gare su, da ƙyar suke karɓa.

Babban kuskure shi ne zuba kala kai tsaye a kan tsirarar katako. A fara tsarma shelak, wato wani ƙaro da ake shafa wa katako don toshe ƙofofinsa, da sifirit har ya yi ruwa-ruwa, a shafa sau ɗaya, a bari ya bushe, a ɗan goge da sanfefa mai lamba 320, sannan a sa kala. Shelak ɗin yana rage wa wuraren masu laushi ƙishirwa. Kalar za ta fi haske kaɗan, amma za ta zauna daidai. Idan ana samun kala mai kauri kamar man shafawa, ita ma tana taimakawa, domin a sama take kwanciya. Kuma don Allah a gwada a kan guntun da ya rage, ba a fuskar tebur ba.

Sai sanfefa. Wasu daga mai kaushi, lamba 80, suke tsallakawa zuwa mai laushi, lamba 220, su bar ƙarce-ƙarcen da ido ba ya gani sai kala ta shiga ta fito da su. A bi 80, 120, 150, a tsaya a 180, kullum ana bin tsawon jijiyar katako. Bakin da aka yanke da zarto ya fi ko'ina shan kala, shi a kai shi 220. Gam ɗin da ya tsiyayo a mahaɗa kuwa kala ba ta kama shi. A kankare shi tas tun kafin a fara.

Idon katako, wato gurbin reshe, shi ne mai cin amana. Ƙaro ne a cikinsa, kuma idan zafin Maris da Afrilu ya buga, sai ya tsattsafo ta cikin fenti ya bar tabo rawaya. Shelak mara tsarmi sau biyu a kan kowane ido yana toshe shi.

Kala ba fenti ba ce. A shafa, a jira minti 5 zuwa 10, a goge ragowar da tsumma mai tsabta. Wanda ya bar ta da kauri don ya samu duhu, zai kwana uku yana taɓa danƙo. In mai mai ce, a ba ta aƙalla awa 24 kafin banish, a damina ma fiye da haka.

Shi banish juya shi ake yi da sanda, ba a girgiza gwangwani, kumfa yake yi. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, ana gogewa da 320 a tsakani. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe tagar da iska ke shigowa, amma a bar kafar shaƙar numfashi. Kada a manta da ƙarƙashin tebur. Idan fuska ɗaya kawai aka rufe, ɗayar za ta riƙa shan laima tana bushewa har katakon ya lanƙwashe.

Wani fayin da ke zuwa hannunmu daga akwatuna da matokaran dakon kaya yake. A duba hatimin jikinsu: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuwa maganin ƙwari mai guba aka turara masa, bai dace da teburin cin abinci ba.

Tsummokaran da suka sha kala mai mai kuma kada a dunƙule su a kusurwa, suna iya kamawa da wuta da kansu. A shanya su ɗaiɗai a waje, ko a tsoma su cikin bokitin ruwa.