Yadda ake auna tasirin maganin shaƙa a huhun mai cutar toshewar hanyoyin iska

Ana yin wannan gwaji da na'urar auna numfashi, sau ɗaya kafin majinyaci ya shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska, sau ɗaya kuma bayan ya shaƙa. Adadi biyu ake nema: iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ta hurawa, wadda ake kira FEV1, da jimillar iskar da ya iya fitarwa gaba ɗaya, wato FVC.

Shiri yana farawa tun kafin ranar gwaji. Idan ana son ganin huhun a yanayinsa ba tare da magani ba, majinyaci zai dakatar da salbutamol, wani maganin buɗe hanyoyin iska mai gajeren aiki, na awa 4 zuwa 6, magunguna masu dogon aiki irin su tiotropium kuma na awa 36 zuwa 48, bisa umarnin likitansa, kuma kada ya sha taba a cikin awa ɗaya kafin gwajin. A tabbatar da daidaiton na'urar da sirinji mai lita 3, a rubuta shekaru da tsayi da jinsi, domin da su ake lissafa adadin da ake sa ran lafiyayyen huhu zai bayar.

Majinyaci zai zauna a miƙe, a matse masa hanci, ya ja iska har ƙirjinsa ya cika, ya rufe leɓɓansa a kan bututun, sannan ya hura da iya ƙarfinsa nan take, ya ci gaba har iskar ta ƙare. A nan ne aka fi yin kuskure. Mai wannan cuta yana iya ɗaukar daƙiƙa 15 yana fitar da iska a hankali, fuskarsa tana ja, kuma idan mai gwajin bai tsaya a kansa yana ƙarfafa shi ba, zai daina da wuri, FVC ta fito ƙasa da gaskiyarta. Ana buƙatar hurawa uku masu inganci, kuma tazarar da ke tsakanin biyu mafi girma kada ta wuce mililita 150.

Daga nan sai a ba shi salbutamol maikirogiram 400, feshi huɗu ɗaya bayan ɗaya ta cikin bututun da ke riƙe feshi, a jira minti 15, a maimaita gwajin. Idan ipratropium aka bayar, wato wani maganin buɗe hanyoyin iska daban, jiran minti 30 ne.

Idan bayan magani FEV1 bai kai kashi 70 cikin 100 na FVC ba, toshewar ta tabbata. Game da girman amsar da huhu ya bayar ga maganin kuwa, ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin huhu ta 2005 ta nemi ƙarin kashi 12 cikin 100 na adadin da aka samu kafin magani tare da mililita 200, yayin da ta 2022 take neman ƙarin da ya haura kashi 10 cikin 100 na adadin da ake sa ran samu. Misali, wanda FEV1 ɗinsa ya tashi daga lita 1.20 zuwa 1.35, alhali ana sa ran 2.80, ya ƙaru da mililita 150 ne kawai, wato kusan kashi 5 cikin 100 na adadin da ake sa ran samu, don haka bai cika ko ɗaya daga cikin ƙa'idojin ba.

Sai dai a ganina babban kuskure ne a hana irin wannan majinyaci magani saboda sakamakon rana ɗaya. Amsar tana bambanta daga rana zuwa rana, kuma a wannan cuta maganin yakan rage iskar da ke maƙalewa a huhu, abin da ya fi bayyana a FVC da kuma nisan tafiyar da mutum zai yi kafin haki ya tsayar da shi. Don haka a tambaye shi wannan bayan makonni yana shaƙar maganin, a rubuta amsarsa kusa da adadin da na'urar ta bayar.