Yawon jirgin ruwa a gaɓar Alaska: kurakuran da aka fi yi da yadda za a kauce musu

Yawancin asarar da ake yi a yawon jirgin ruwa na gaɓar Alaska, tun a gida ake yin ta, ranar biyan kuɗin tikiti. Mutum ya shagala da hoton jirgi, da wurin iyo, da ɗakunan cin abinci, ya bar takardar da ke nuna inda jirgin zai bi da awa nawa zai tsaya a kowane gari. Alhali abin da ke cikin takardar nan shi ne abin da ya saya.

A fara da biza, don ita ke hana mutum shiga jirgin gaba ɗaya. Alaska jiha ce ta Amurka, wadda ta saye ta daga Rasha a 1867 kan dala miliyan 7.2, shi ya sa mutane ke ɗauka bizar Amurka ta wadatar. Ba ta wadatar ba. Akwai wata dokar Amurka ta 1886 da ta hana jirgin da aka yi wa rajista a wata ƙasa ya yi jigilar fasinja tsakanin tashoshin Amurka zalla, kuma kusan duk manyan jiragen nan rajistarsu ta waje ce. Saboda haka jirgin da ya tashi daga Seattle zai koma Seattle, sai ya ratsa Kanada, galibi garin Victoria, ko da na 'yan awoyi ne da yamma. Mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Kanada, kuma cewa "ai ba zan sauka ba" ba ya fisshe shi a wurin masu duba takardu. Sai kuma a duba ko bizar Amurkar ta shiga sau ɗaya ce, domin tun watan Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya haka, ƙa'idojin kuma ba su daina sauyawa ba. Kada ka biya ko kwabo sai kamfanin ya rubuto maka takardun da fasfonka ke buƙata a wannan hanyar.

Kuskure na biyu shi ya fi ciwo, domin sai an dawo ake gane shi: ɗauka cewa kowane jirgin Alaska zai kai ka gaban kogin ƙanƙara. Kogin ƙanƙara dusar ƙanƙara ce da ta yi ɗaruruwan shekaru tana taruwa a kan duwatsu, nauyi ya danne ta ta daskare, take gangarowa a hankali har bakin teku, inda take ɓarkewa tana faɗawa ruwa da ƙara kamar tsawa. Wurin da ya fi suna shi ne Glacier Bay, gandu ne na gwamnati, kuma manyan jirage biyu kawai ake bari su shiga a rana. Kamfanin da ba shi da izini, komai tsadar ɗakinka, ba za ka ga wurin ba. Wanda ke da shi kuwa, jami'an gandun kan hau jirgin da safe su yini suna bayani, a tafi har gaban ƙanƙarar Margerie a tsaya. Ruwan da jirgin ke bi ɗin nan ma sabon abu ne. A 1794 da ayarin George Vancouver, wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya zo, ƙanƙara ce ta toshe kusan duk mashigin. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa yau ta ja da baya fiye da kilomita 100. Kafin ta mamaye wurin, mazaunin mutanen Huna Tlingit ne, ita ta kore su, zuriyarsu na garin Hoonah har yanzu.

Idan babu Glacier Bay a takardarka, nemi Hubbard, kusa da Yakutat, mai tsawon kilomita 120 da ɗoriya, wanda ya fi kowane kogin ƙanƙara mai faɗawa teku girma a Amurka ta Arewa. Jiragen da ke tashi daga birnin Vancouver na Kanada su ƙare tafiyarsu a Seward ko Whittier na Alaska, ko akasin haka, su suka fi biyawa ta nan. Wasu kuma Tracy Arm suke tallatawa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai matsattse ne, guntayen ƙanƙara kan cika shi, musamman farkon lokacin yawon, sai kyaftin ya juya zuwa Endicott Arm ko ya tsaya nesa. Ba yaudara ba ce, amma gara ka sani tun kafin ka biya. A ganina, tsohon jirgi mai shiga Glacier Bay ya fi sabon dal da ba ya shiga.

Tashar da za a tashi ma tana da tasiri ga mai jin jiri a ruwa. Jiragen Vancouver kan bi tsakanin tsibirin Vancouver da gaɓa, ruwa a kwance. Na Seattle da yawa suna zagayawa ta bayan tsibirin, cikin tekun Pasifik sosai, can ne ake jin girgiza. Ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, da maganin jiri da aka sha kafin a fara jin amai, sun isa. Kuma a sauka garin tashi kwana ɗaya kafin ranar. Jirgin sama na iya makara, na ruwa ba ya jira.

Wajen tufafi, kuskure iri biyu ake yi. Wani ya ji an ce lokacin zafi ne, daga Mayu zuwa Satumba, ya zo da 'yar shara. Wani ya ji an ce Alaska, ya sayi ƙatuwar rigar sanyi guda ɗaya mai nauyi, ya rasa yadda zai yi da ita idan rana ta fito. Abin da ke damun baƙo a can ruwan sama ne da iska. Ketchikan tana samun ruwan da ya kusa mita huɗu a shekara, wajen ninki huɗu na abin da Kano ke samu. Gyaran shi ne kaya hawa-hawa: riga mai ɗumi a ciki, suwaita, sannan rigar ruwa mai hula a sama, da takalmin da ba ya shan ruwa. Lema ba ta da amfani a saman jirgi, iska za ta karya ta. Ranar kallon ƙanƙara a ƙara safar hannu da hular sanyi, domin iskar da ke saukowa daga kan ƙanƙarar tana ratsa ƙashi. Kada kuma gajimare ya sa ka koma ɗaki, shuɗin ƙanƙarar ya fi fitowa a ranar da babu rana. Masu ɗaki mai baranda sukan zauna a nan su ga gefe guda kawai. Hau saman jirgi, can ake ganin ko'ina.

Garuruwan gaɓar ƙanana ne, jiragen kuwa manya. Juneau, babban birnin jihar, ba ta da hanyar mota da ta haɗa ta da sauran ƙasa, mutanenta dubu talatin da 'yan kai ne, amma manyan jirage har biyar kan sauka a rana ɗaya. Wanda ya sauko ya tsaya a shagunan gwala-gwalai na bakin tasha ya ɓata yininsa. Ƙanƙarar Mendenhall tana nan kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari, kuma daga Auke Bay ake fita kallon manyan kifayen teku. A Skagway, jirgin ƙasa na White Pass da aka gina tsakanin 1898 da 1900, lokacin rububin zinariyar Klondike, shi ne abin hawa, kuma kujerunsa kan ƙare da wuri. A lura, wasu tafiye-tafiyensa suna sauke mutane a cikin Kanada, fasfo da biza sun sake shigowa ke nan. Idan ka shirya yawonka da kanka ba ta hannun kamfanin jirgin ba, ya fi arha sau da yawa, amma in ka makara jirgi zai tafi ya bar ka. Agogon Alaska yana bayan na Seattle da Vancouver da awa ɗaya, don haka bi agogon jirgi, kada ka dogara da na wayarka.

Ga Musulmi akwai abin da babu kamfanin da zai tuna masa. A ƙarshen Yuni yini a Juneau yakan haura awa 18, Magariba sai wajen goma na dare, kuma hasken bai gama gushewa ba alfijir ya keto. Ka tambayi malami tun a gida yadda za ka yi da Isha da Asuba, da batun ƙasaru da haɗa salloli, kada ka bari sai kana tsakiyar ruwa. Alƙibla kuma ba gabas take ba. Daga wannan yankin kusan arewa sak ake fuskanta, jirgi kuma yana juyawa, sai a duba kafin kowace salla. Abincin halal ana neman sa ne makonni kafin tafiya, a rubuce. Kifi dai ga shi nan a wadace, amma a tambaya ko an sa giya ko naman alade a miya.

Wannan dogon hasken ne kuma ke hana ganin hasken nan mai launi da ke rawa a samaniyar arewa. Wanda ya je a Yuni ko Yuli don shi, ba zai gan shi ba. Sai ƙarshen Agusta zuwa Satumba dare ke yin duhu, shi ma sai an yi sa'a, kuma lokacin ruwan sama ya fi yawa.

Kuɗin tikiti ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Manyan kamfanoni suna ɗora wa kowane fasinja kuɗin ihsanin ma'aikata kullum, ban da intanet da lemo da yawon gari, wanda shi kaɗai kan kai ɗaruruwan daloli idan akwai jirgi mai saukar ungulu a ciki. Inshorar lafiya wajibi ce, asibitin jirgi kuɗi ake biya. Waya kuma a sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, in ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, ta yi ta cin kuɗi tana cikin aljihu.