Babi na 6: Koya wa Kare Dawowa Idan An Kira Shi

Wannan babi na mai karen da ke shekawa da gudu ne da zarar an kwance shi, na farauta ne ko na gadin gida da gona. Karanta a hankali. Idan ka gama darasi ɗaya, ajiye littafin ka je ka yi shi da karenka. Kada ka wuce zuwa na gaba sai na farko ya zauna.

Kayan aiki

Igiya mai tsawon mita 10. Mita ɗaya kamar babban taku ɗaya ne na namiji, saboda haka taku 10 ke nan. Ka yi ƙulli a jikinta bayan kowane taku 2.

Maɗaurin ƙirji, wanda ke zagaye ƙirji da kafaɗun kare. Baduku zai iya ɗinka maka. Idan ka sa masa, yatsunka 2 su iya shiga ƙarƙashinsa. Doguwar igiya ba a ɗaura ta a wuya, domin idan kare ya taho a guje ta ƙare, wuyan ne zai ji ciwo.

Nama: dafaffiyar hanta ko tsokar kaza, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, guda 30. Ban da gishiri, ban da yaji. Ban da albasa da tafarnuwa, suna lalata wa kare jini. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki hanji.

Lokaci: minti 5, sau 2 ko 3 a rana, da sassafe ko bayan la'asar, kafin ya ci abinci. Ƙosasshen kare ba ya kula nama, wanda rana ta doka kuma inuwa kawai yake nema.

Darasi na 1: Kalma ɗaya

Zaɓi kalma ɗaya, gajera. A nan za mu ce "Zo". Kowa a gidan ita zai riƙa faɗa, har yara. Idan karen ya riga ya saba jin "Zo" yana yin biris, bar ta, ɗauki usur ko fito. Usur yana kai nisa a daji, kuma sautinsa ba ya canzawa ko ranka ya ɓaci.

Fara a tsakar gida, ƙofa a rufe, babu kaji babu awaki. Tsaya taku 2 daga gare shi. Kira sunansa. Da ya waiwayo, ce "Zo" sau ɗaya, ka ja da baya kaɗan. Da ya iso, ba shi nama nan take, kafin ka ƙirga ɗaya, biyu. Idan ka tsaya lalube a aljihu, ba zai gane abin da ya jawo masa naman ba. Riƙe shi a hannu tun kafin ka kira. Wanda ba ya son bakin kare ya taɓa masa hannu, ya ajiye naman a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, duk ɗaya ne.

Yi sau 10, ka tsaya. Gobe ƙara taku, 3, 5, har ƙarshen tsakar gida.

Sau ɗaya ake faɗar kalmar. Mai cewa "Zo, zo, zo, zo" yana koya wa karen cewa na farko da na biyu ba komai ba ne.

Darasi na 2: Idan ya zo, kada ka hukunta shi

Wannan shi ne darasin da yawancin ɗalibai ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a kansa.

Kare ya gudu, ka yi ta kira, ya dawo bayan awa ɗaya. Ranka a ɓace, sanda tana hannunka. Me za ka yi? Ajiye sandar. Sassauta murya, yaba masa, ba shi nama.

Za ka ce, ai laifi ya yi. Gaskiya ne. Amma kare yana haɗa duka ne da abin da ya yi na ƙarshe, kuma abin da ya yi na ƙarshe shi ne zuwa wurinka. Gudun da ya yi ɗazu ya wuce a kansa. Idan ka doke shi, abin da ya koya shi ne zuwa wurin maigida yana da ciwo. Gobe zai ƙara daɗewa. Jibi zai tsaya taku 5 daga gare ka yana kaɗa wutsiya, ya ƙi ƙarasowa. Sau da yawa karen da ka ga yana haka, an taɓa dukansa bayan ya amsa kira.

Maimaita da bakinka: idan ya zo, ba duka, ba tsawa, ba harara. Rubuta wannan jimla sau 3 a littafinka.

Hukunci ba sanda kaɗai ba ne. Idan duk sanda ka ce "Zo" ɗaure shi kake yi, ko wanka, ko cire kaska, to kalmar ta zama hukunci a wurinsa. Don waɗannan, je ka kamo shi da kanka ba tare da kira ba. A lokacin koyarwa kuma, kira shi, riƙe maɗaurin da hannu ɗaya, ba shi nama da ɗayan, sannan ka ce "Je ka" ka sake shi ya ci gaba da wasansa. Cikin kira 10, a 9 sakinsa za ka yi.

Abin yana da wuya, mun sani. Riƙe fushi ya fi riƙe igiya wuya, kuma kowa zai iya idan ya daure. Amma wasu suna karanta wannan shafi su gyaɗa kai, washegari su ɗauki bulala, sannan su zo aji suna cewa karen ne ba ya ji. Malam, kai ne ba ka ji ba. Duka ɗaya yana iya rusa aikin da ka daɗe kana yi. Gaya wa yaran gida ma, domin idan kai ka bari su suna jifansa in ya zo, ba a yi komai ba.

Idan ya zo, ko ya makara, ko ya zo da laka har wuya, nama ne.

Darasi na 3: Doguwar igiya a fili

Sai ya amsa sau 9 cikin 10 a gida za ka fita. Nemi fili shiru, nesa da titi. Ɗaura igiyar a maɗaurin ƙirji, bar shi ya shinshina. Kada ka naɗe igiyar a hannunka, za ta ƙona maka tafi ko ta karya yatsa. Idan ya zabura, taka ta da ƙafa, ƙullin zai riƙe.

Kira sunansa, ce "Zo" sau ɗaya. Idan ya ƙi, kada ka jawo shi kamar rago. Tafa hannu, juya ka ruga gefe, kare yana son bin abin da ke gudu. Idan har yanzu bai zo ba, bi igiyar ka matsa kusa, ka sake gwadawa daga taku 2. Da ya iso, nama. Ka tuna darasi na 2: ko sai da ka sha wahala ya zo, ba tsawa.

Yi makonni 3 zuwa 4 a nan, kana sauya fili. Kare da ya iya a tsakar gida bai iya a gona ba sai an koya masa a gona.

Darasi na 4: Awaki, kaji da zomo

Fara daga nesa, inda yake ganin akuya amma yana iya waiwayo ka. Kira, ba shi guda 5 a jere maimakon ɗaya. Matsa kusa kaɗan-kaɗan a kwanaki. Idan ya kafe ido, jiki ya sandare, kun yi kusa da yawa, koma baya. Kira kafin ya fara gudu, domin idan ya riga ya bi zomo a guje da wuya muryarka ta shiga kunnensa. Mafarauci ya gama wannan tun kafin rani, ba a fafe gora ranar tafiya.

Darasi na 5: Kwance igiya

Da farko saki igiyar ya riƙa janta a ƙasa. Bayan mako ɗaya rage ta zuwa taku 5, sannan 2, sannan cire. Idan ya ƙi amsa sau 2 a jere, mayar da doguwar. Tsakanin wata 6 da wata 18 da haihuwa kare yakan yi taurin kai, a ci gaba da igiya. Kusa da titi ko kasuwa ba a kwance shi ko ya ƙware.

Darasi na 6: Mai bin karya

Namiji da ya ji ƙanshin karyar da ke neman barbara ba ya jin kira. Lokacin yakan kai mako 3, a tsare shi a gida. Fiɗiya tana rage yawon, tambayi likitan dabbobi. Kare mai fita a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare tun yana wata 3, a maimaita duk shekara.