Kurakuran masu zuba jari a gidan gem don tuna baya

Duk wanda ya tashi a Katsina zamanin injin gem na PlayStation 2 (PS2) ya san yadda ɗakin gem yake bayan La'asar: benci biyu, talabijin mai ƙeya, yara a tsaitsaye suna jiran wanda aka ci ya miƙo hannun gem. Gem ɗin ƙwallo ta PES 6 ta fito a 2006, kuma yaran da suka buga ta su ne masu albashi yau. Su ake tara da maganar "Yaya, kawo jari mu buɗe gidan gem na intanet." Na gaji da ganin kuɗin mutane yana narkewa a kan kurakurai iri ɗaya.

Na farko, lissafi da kwastoman da babu su. Yaron yanzu yana da Free Fire da Call of Duty Mobile a wayarsa, eFootball ma kyauta ake sauke ta tun 2021. Me zai kawo shi shagonka? Kafin ka saki ko sisi, je ka zauna a wani shagon da ke aiki, a Ƙofar Ƙaura ko kusa da makarantar Hassan Usman. Ƙirga masu biya da hantsin Talata, kada ka ruɗu da cikar daren Asabar. Ka tambayi yadda ciniki yake in ɗalibai sun tafi hutu.

Na biyu shi ne mai ƙona mini rai: miƙa kuɗi ba takarda, wai ai ɗan ƙanena ne. Haba Alhaji! Akuya ma sai ka duba haƙoranta a kara. In ya ce zai ba ka kashi 20 cikin 100, nemi takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka sa sunan a shafin binciken hukumar da hannunka. In sunan kasuwanci kawai ya yi wa rajista, to babu wani hannun jari da zai yanka maka. Sai kamfani mai "Limited" ke da shi. Ko dai a yi kamfanin, ko a rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu biyu: wa ya mallaki injinan, wa ke taɓa asusun banki, yaya za a raba in an watse. In kuwa ya yi maka alkawarin riba ƙayyadadda duk wata, tashi ka kama gabanka. Kashi 30 MMM, harkar damfarar nan ta zuba kuɗi, ta yi wa mutane alkawari kafin ta rufe asusunsu a Disambar 2016. Ko a mudaraba, kaso ake yankewa daga ribar da aka samu, ba a ƙayyade adadi tun farko. Ni dai shawarata kullum, kada ka ba da kuɗin a dunƙule. Sayi injinan da kanka, rasit da sunanka, ka rubuta lambar jikin kowanne. Sauran kuɗin a sake shi kashi uku, kowane kashi bayan ka ga littafin ciniki.

Sai intanet. Mutane suna duba saurin saukewa, alhali gem ɗin haɗaka da ping yake rayuwa, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Ƙasa da milisakan 60 lafiya lau. Ya haura 150, ɗan wasa zai danna bugu ƙwallo ta riga ta wuce. A gwada a cikin shagon kafin a biya haya, da ƙarfe 9 na dare, da layuka biyu daban. A haɗa kowane inji da waya daga rauta.

Wuta ma a lissafa. PS4 huɗu, kowanne wajen wat 150, da talabijin huɗu da fanka biyu sun kai wat 1,000. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, kuma sauyawa daga wutar KEDCO ba tare da inbata ba yana kashe wasa a tsakiya, yana lalata ma'ajiyar injin.

Ƙurar hunturu tana toshe fankar inji, zafin Afrilu ya ƙarasa shi. A buɗe a share duk wata uku, kada a ajiye shi a ƙasa. Hannun gem jabu ba ya jure yara. Buga gem ɗin ƙwallo ta EA FC ta intanet yana buƙatar PlayStation Plus, rajistar da ake biya wa kuɗi, a sa kuɗinsa a kasafi. Yara masu yunifom lokacin makaranta da masu sa kuɗi a kan wasa kuwa, a hana su tun ranar buɗewa, kafin iyaye su kai ƙara wajen mai unguwa.