Kafin ka sayi sabon katin girafik, duba zafi

Salamu alaikum 'yan uwa masu buga gem a kwamfuta, musamman na Gusau da kewaye. A watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankoki. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan ta kusa digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa gem ke tafiya sumul da farko, can ya fara tsinkewa. Ku saka manhajar HWMonitor ku duba zafin kuna cikin wasa.

A cire wuta tukuna, a buɗe murfin gefen akwatin kwamfutar, a kaɗe ƙurar da busasshen buroshin fenti ko abin hura iska. A danne fanka da yatsa lokacin hurawa, don in ta yi ta juyawa da ƙarfi tana iya lalacewa. Man da ke kan furosesa, mai kai zafinta ga na'urar sanyaya ta, in ya bushe, a goge shi da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, kada a malala. Kuma don Allah a ɗauke akwatin daga kan kafet, ta ƙasa wasu akwatunan ke shaƙar iska.

RAM kuwa, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, guda biyu masu 8GB sun fi guda ɗaya mai 16GB sauri. A babban allon cikin kwamfuta (motherboard) mai ramin RAM huɗu yawanci na 2 da na 4 ake sakawa, sannan a kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, a BIOS, wato saitin kwamfuta da ake shiga lokacin kunna ta.

Wayar HDMI mai kai hoto sikirin a jikin katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hoto, ake jonawa, ba a ramin sama kusa da ramukan USB ba. Da yawa nan suke cutar kansu. In gem na tsinkewa har yanzu, a saitinsa inuwa za a fara ragewa.