Yadda Ake Tabbatar da Hujja da Ƙa'idar Rizolushin

Wannan ƙa'ida ta ilimin mandiƙi, wadda John Alan Robinson ya wallafa cikakkiyar sigarta a shekarar 1965, tana tabbatar da sakamako ne ta hanyar nuna cewa ƙaryata shi yana haifar da cin karo. Mu ɗauka haruffan P da Q da R suna wakiltar zantuka, an ba ka P → Q (wato "idan P, to Q"), da Q → R, da kuma P, aka ce ka tabbatar da R.

Da farko, ka mayar da kowane zance zuwa jimlolin da "ko" kaɗai ke haɗa sassansu, domin P → Q daidai take da ¬P ∨ Q (alamar ¬ tana nufin "ba haka ba", ∨ kuma "ko"), haka Q → R ta zama ¬Q ∨ R.

Na biyu, ka kore abin da kake son tabbatarwa, wato ka ƙara ¬R cikin jerin.

Na uku, nan ne zuciyar aikin take: ka nemo jimloli biyu da wani harafi ya bayyana a ɗaya, korensa kuma a ɗayar, ka soke su, ka haɗa ragowar. Jimloli biyun farko za su ba ka ¬P ∨ R, wadda idan ka gwama ta da P sai R ta rage. A nan nake roƙonka ka kula sosai, domin harafi ɗaya tak ake sokewa a kowane zagaye. Wanda ya soke biyu lokaci guda daga P ∨ Q da ¬P ∨ ¬Q zai ga cin karon da babu shi.

Daga ƙarshe, ka haɗa R da ¬R. Babu abin da zai rage, kuma wannan jimla wofi ita ce cin karon da ake nema, wato shaidar cewa R ta tabbata.